Tumbin Giwa Ya Tsuke

Zuwa ga bawana Bakano,

Alhaji, gaisuwar ubangida ga baransa. Ina fatan ka kwana lafiya, in dai ka samu wurin miƙe ƙafa ba tare da ka shuri bangon maƙwabci ba.

Labarinka ya iso Zariya tun kafin ka gama ɗaure katifa. Wani direba mai lodi daga Unguwa Uku ne ya fara tsegunta mini, wai mutumina ya sayar da gidansa na Hotoro mai ɗaki 14, ya koma wani ɗan akurki mai ɗaki 3 can wajen Mariri. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Bakano ya rage gida da kansa, babu alƙali, babu mai bin bashi a bakin ƙofa? Sai dai in Dala ce ta taso ta zo gaida Kufena. Amma tunda gani ya kori ji, na saɓa babbar rigata na hau mota. Na wuce Tashar Yari, na wuce Kwanar Dangora, ko rake ban tsaya saye ba, don na bar wa tuwon Hajiya wuri. Na sauka na tari adaidaita sahu har ƙofar gidan da na shekara 30 ina sauka kyauta. Sai na tarar babu ƙofar. Leburori ne tsaye a kan zaurenka da guduma, ƙura ta turnuƙe, darbejiyar da muke shan inuwarta an sassare ta. Na tambayi wani yaro mai tura baro ina maigidan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, wane maigida? Shaguna za a yi, hawa biyu."

Mutane za su ce tsadar rayuwa ce ta tashe ka, wasu su ce shawarar 'ya'ya ce. Ni na san gaskiya: ni ka guje wa. Shi ya sa ka sanar da mai wankinka da mai kawo maka nono, ka bar ubangidanka ya zo ya yi sallama da kango.

Bari in tuna maka asalin gidan, tunda na san Bakano ba ya riƙe tarihi sai lissafi. A 1982 ka sayi fuloti biyu a Hotoro, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a wurin, ana yi maka dariya wai ka koma daji. Zamanin naira tana gaba da dalar Amurka, masaƙun Kaduna da na Kano suna aiki dare da rana, kai kuma kana Kantin Kwari a kan tulin atamfa kamar sarki a karaga. Da farko ɗaki 4 ka yi da zaure, gini irin na masu hankali. Daga nan ciwon Kanawa ya motsa. Duk haihuwa ɗaki, duk ribar Sallah ɗaki. Maƙwabcinka ya ɗora bene a 1991, ka kwana uku abinci ba ya wuce maka maƙogwaro, sai da ka ɗora naka ka fi shi da taga biyu. Sai sashen amarya da ka gina a 1995, da banɗaki mai tayil da fanka mai fitila, amaryar da har yau ba ta tare ba, domin Hajiya ta dube ka sau ɗaya tak ka ce ai dama sito ka yi niyya. Buhunan masara ne suka ci amarci a ɗakin nan kusan shekara 30.

Na yi maka magana tun a lokacin. Mu masu Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19, har yau masana gini suna zuwa su ɗaga kai su riƙe baki, mun san gini da ƙa'ida ake yin sa: a ƙirga mutanen gida, sannan a auna ɗaki. Ku kuwa ma'auninku ɗaya ne, zafin da zuciyar maƙwabci za ta ji. Ka ce Bazazzagi bai san arziki ba, wai mu da ko mace da namiji ba mu iya bambancewa a magana, sai ka ji "matata ya zo", ina za mu bambance gida da bukka. To, yau ga shi: gidanka ya tafi, ko ta tafi, duk wanda ya fi yi maka daɗin ji.

Ba zan ci amanar gidan ba, ya yi zamaninsa. Na ga lokacin da mutum 30 suke kwana a ciki: 'ya'yanka 9, 'ya'yan riƙo, ƙannen Hajiya, yaran shago, almajirai biyu a zaure, da baƙon nan da ya zo daga ƙauye neman magani ya shekara biyu bai ga likita ba. Tukunyar gidan sai mutum biyu suke sauke ta. Takalman ƙofar falo kamar na masallacin Juma'a. Sannan aka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan mata aka kai su ɗakunansu, babban yana Abuja, likitan yana Saudiyya, ɗan autan da kake taƙamar zai gaje ka a Kwari ya ce shi kasuwarsa a cikin waya take. In Sallah ta zo su iso da matansu, su gaishe ka, su ci nama, da magariba su ce sun kama ɗaki a otal saboda yara ba su saba da zafi ba. Aka bar ka daga kai sai Hajiya sai maigadi sai ƙadangaru.

Ka tuna zuwana na ƙarshe kafin ka tashi? A gabana ka kira Hajiya a waya, tana cikin gidan kana cikin gidan, don ka tambaye ta inda ta ajiye maganin hawan jini. Benen da ka ƙi cin abinci a kansa, gwiwarka ta yi shekara biyar tana ƙin hawansa, har tantabaru da jemagu suka raba shi tsakaninsu ba tare da sun je gaban alƙali ba.

Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ɗaki 14 gare ka, kowanne da nasa yoyon, in hadari ya taso sai ka ga robobin wanki sun yi sahu a tsakar falo. Sai kuma zamani ya ɗora nasa kayan. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Janaretan nan naka mai ƙugi kamar jirgin ƙasa ya zama kayan kallo. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni, ka zama ɗan sandan makunni, kana bin ɗakuna da tocila kana kashe ƙwai ɗaya-ɗaya. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, katangar baya da damina ta kayar ka ce a kafa zana "kafin a gani". Ga albashin maigadi, ga injin burtsatse da ba ya wata uku bai ƙone ba, ga harajin ƙasa. A dā kai kake riƙe da gida, a ƙarshe gidan ya riƙe ka ya mai da kai bawansa. Wannan kuwa ya ɓata mini rai ƙwarai, domin bawa ba ya ubangida biyu, kuma ni na riga shi.

Da ka zo sayarwa ma ka ga naka. Kai mai bugun ƙirji kana cewa "ƙasata, ƙasata", sai aka tuna maka dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filin birni a hannun gwamna, takardar da kake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ta shekara 99 ce, kuma ko sayarwar sai da amincewarsa. Ashe duk tsawon shekarun nan ɗan haya ne kai mai dogon wa'adi. Ga dillalai: gida ɗaya, dillali 7, kowa ya rantse shi ya fara kawo mai saye. An ce ranar da aka zo fitar da la'ada sai da aka auna maka jini sau biyu.

Amma abin da na fi baƙin cikin rashin gani da idona shi ne ranar kwashe kaya. Hajiya ce ta ba ni labari, tana yi tana dariya har da share hawaye. Abin da ya fito daga sitonka ya isa a buɗe wa Gidan Makama reshe. Talabijin mai ƙeya guda uku, babu mai kamawa. Bidiyo da kaset kwali biyu. Rediyo mai batir 6. Fitilar ƙwai 12, tun zamanin da ba a kawo wuta unguwar ba. Fijo 504 ɗin nan haɗin Kaduna, wadda ta shekara 20 a kan bulo, kaji suna ƙwai a kujerar baya, kana cewa "ƙaramin gyara ne". Akwatin ƙarfe maƙil da rasitai, har da na mahaifinka na zamanin fam da sule. Littafin bashi na mutanen da suka rasu tun mulkin Babangida, ka ce kada a ƙona, ko Allah zai sa magada su tuba. Da tarin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda, in tuna maka, a Zariya aka fara buga ta a 1939 don ku ma ku samu abin karantawa ban da lissafin bashi.

Ɗan jari-bola ya zo da sikelinsa, ya ɗora tarihin rayuwarka a kai yana kiran kilo. An ce awa biyu kuka yi kuna ciniki a kan wata fanka mai fiffike biyu, har bawan Allah ya ce, "Alhaji, riƙe abinka, na sallama." Ita kuwa Hajiya, da aka zo kan kayan jerenta, kwalla da samira da fantekar da mahaifiyarta ta saya mata tun na aure, cikin yini ɗaya ta rarraba wa 'ya'ya mata da jikoki, ta riƙe langa ɗaya tal. Ka ga bambancin mai zuciya da mai aljihu. Ni dai ina zargin akwai jinin Zazzau a danginta, a bincika.

Na san abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya: bakin mutane. A wurinmu gida ba ya raguwa sai da ɗayan biyu, ko mutuwa ko karayar arziki. Kai kuwa ga ka da ranka, don haka an gama yanke maka hukunci. A Kwari an ce kwantena ce ta nutse da jarinka. A wurin ɗaurin aure an ce banki ne. Wata tsohuwa a layinku ta rantse hannu aka sa maka. Masu zuwa maula sun yi ƙaura tun kafin ka yi, masu gaishe ka har ƙasa sun koma ɗaga hannu daga nesa. Maroƙin nan da yake kiranka mai gida kamar unguwa, an ce yanzu in ya hango ka sai ya gyara wuyan riga ya dubi gabas.

To, bari in faɗi abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa Bakano ba, kuma in ka maimaita a gaban mutane zan musanta har da rantsuwa: ka yi hankali. Kada kanka ya kumbura. Hankali kamar jirgin ƙasa yake, sai ya biyo ta Zariya yake isa Kano. Shi jirgin ya iso muku a 1911, hankalin ne ya ɗan makara a hanya.

Ni da kai mun zauna rabon gado ba ɗaya ba, ba biyu ba. Malam ya fitar wa mata tumuninsu, ya ba namiji rabon mata biyu, lissafi ya fita tsaf a takarda, kowa ya shafa fatiha. Sai a zo kan gida. Kuɗi suna rabuwa, gona tana yankuwa, amma yaya za a raba bene ɗaya da rijiya ɗaya tsakanin mutum 9? Wannan ya ce a sayar, wancan ya ce ba za a sayar da gidan ubansa yana numfashi ba, na ƙasar waje ya ce duk abin da kuka yanke ya yi, sannan ya ƙi sa hannu. A yi shekaru ana kai-kawo a kotu, 'yan ciki ɗaya ba sa ga maciji, kwano yana tsatsa, gara tana cin silin, a ƙarshe a sayar a wulaƙance, masu shiga tsakani su fi magada ƙoshi. Zaga unguwannin masu hali na dā, ko a Kano ko a Kaduna, ka ƙirga manyan gidajen da ciyawa ta fi katangarsu tsawo. Kowanne akwai wani Alhaji da ya hana kansa barci don ya gina shi, akwai kuma 'ya'yan da suka daina gaisawa a kansa. Kai ka warware ƙullin tun hannunka yana iya riƙe biro. Ka zaɓi a yi da kai yau a Kwari, da a yi da 'ya'yanka gobe a gaban alƙali.

Ban ce babu ciwo ba. Hajiya ta gaya mini ranar tashi sai da ta shiga kowane ɗaki ta tsaya shiru. A bayan ɗakinta aka binne cibiyar yaran nan, mangwaron tsakar gida kuma ita ta dasa shi shekarar da ta haifi na fari. Waɗannan ba sa hawa a-kori-kura. Kai ma na gan ka a sabon masallacinku. Mutumin da ya shekara 40 a bayan liman, wanda ba a tayar da salla sai an leƙa ko ya fito, yanzu yana sahu na uku, wani yaro mai wando iya gwiwa yana ce masa, "Baba, ɗan matsa." Giwa a garin wani zomo ce, ko da kuwa garin bai wuce kuɗin adaidaita ɗaya ba. Majalisarku ta bayan la'asar ta watse, sabbin maƙwabta kuwa kowa get ɗinsa a kulle, sai ka danna ƙararrawa a tambaye ka ko kai wane ne ta cikin bango.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zauren. Gidajen yanzu ba a yi musu zaure. A zaurenka aka ɗaura auren 'ya'yan mutane, aka sasanta ma'aurata, aka karɓi gaisuwar mutuwa, almajiri ya fake wa ruwa, baƙo ya kwana ba a tambaye shi sunansa ba. Sauran ɗakuna 14 ɗin naka ne da iyalinka, zauren kuwa na unguwa ne, kai dai mai shara ne. Shi ne kaɗai abin da na ga ka sayar wanda ba naka ba.

Kada ka ce ina yi maka dariya daga tudun mun tsira. Ni a gidan gado nake, cikin ganuwar Zariya, mu arba'in da ɗoriya. Ko tubali ɗaya ban isa in ɗaga ba sai an tara zuriya daga Legas har Sudan. Banɗakinmu da safe sai an bi layi kamar gidan mai. Da na ga abin da ka yi, na kwana ina juyi ina lissafi irin na Kanawa, Allah ya yafe mini.

Domin fa na samo sabon gidan a ƙarshe, duk da ɓoyon da ka yi, wani mai shayi ne ya tona ka. Ƙafa 40 da 50. Na yi sallama a get, Hajiya ta amsa daga kicin ba tare da ta ɗaga murya ba. Na zauna a falo, babbar rigata ta cinye kujera biyu da rabin hanya. Ka yi atishawa, maƙwabci ne ya yi maka yarhamukallahu. Amma na dubi fuskarka na ga ta ciko. Faifan sola biyu sun ishe ku fanka da fitila. Shara minti goma an gama. Maganin hawan jinin yana kan teburi inda hannunka yake kaiwa. Hajiya ta ce shekara 40 da aure, sai yanzu ta gane kana da surutu, kuma wai wani lokacin har da ma'ana a ciki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sai dai na ƙirga ɗakunan da idona. Naka ɗaya, na Hajiya ɗaya. Na ukun ka ce na jikoki ne, amma da na leƙa ta taga, fankar nan mai fiffike biyu na gani zaune a kan akwatin rasitai, littafin bashin matattu yana gefenta. Tun ƙarfe uku kuma ka fara duban agogo kana cewa, "Malam, hanyar Zariya ba ta da daɗi da dare." Mutumin da a dā sai na yi sati kake tambayata ko iyali ba sa nemana.

To, ga wani lissafin da ka manta, kai gwanin lissafi. Gidan da mutum yake zaune a ciki ba a fitar masa da zakka, ko ɗaki ɗari ne. Amma rarar kuɗin da ka jibge a banki, in shekara ta zagayo a kansu, ɗaya cikin 40 ne. Na san shi ya sa kake ta bin dillalai a samo maka shaguna da gaggawa. Cikin mutum takwas masu cin zakka kuwa akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa. Da hannunka ka mai da ni shi: Bazazzagi a tsakiyar Kano, babu masauki, babu tuwon dare. Ga kuma kuɗin sharata na cika-ciki har na shekara uku da ka danne, kana cewa ba ka da canji.

Saboda haka ka shirya. Juma'a ta sama ina tafe da tabarmata da butata. Ka kira ɗan jari-bolan nan ka ba shi haƙuri, ka sallama masa fankar a yadda ya taya, a share mini ɗaki na uku. In ka ƙi, a bakin get zan shimfiɗa, duk wanda ya zo wucewa in gaya masa asalin sashen amarya na 1995. Ka gaida Hajiya, ka ce mata miyar taushe. Langar nan guda ɗaya da ta hana jikoki, ta san wanda ta ajiye wa.

Ubangidanka har kullum,
Bazazzagi.